Ɗalibaina sun haddace ire-iren jimlar Turanci, amma gina ta na gagarar su

"Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da Turanci a aji biyu na ƙaramar sakandare, yarana sun kai tamanin a aji ɗaya. Sun haddace ire-iren jimla guda huɗu, in na tambaye su ma'anar kowace za su rero mini ita ba gargada. Amma da zarar na ce su rubuta tasu, sai in ga 'Where you are going?' da 'My father he is a farmer'. Na gyara da jan biro har na gaji, gobe kuma su sake. Wane irin atisaye zan riƙa ba su?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara juriya. Abin da kike nema, in na fahimce ki, shi ne yadda za a ɗauko yaro daga sanin sunan jimla a kai shi ga iya gina ta. Waɗannan abubuwa biyu ne daban, kuma na farkon ba ya haifar da na biyun. Yaron da ya haddace cewa jimlar tambaya ita ce wadda ake neman amsa da ita, bai koyi komai game da inda "are" za ta zauna ba.

Jimloli biyun da kika kawo kuma ba shirme ba ne, akwai tsari a cikinsu, sai dai tsarin Hausa ne. Bahaushe ba ya cewa "Babana tafi gona", dole ya ce "Babana ya tafi gona". Wannan "ya" ɗin ba ta faɗuwa ko da an ambaci sunan mai aikin, don ita ke ɗauke da jinsi da adadi da lokaci. Yaro ya nemo mata abokiya a Turanci, ya samu "he", ya dasa ta, har ta zame masa jiki a kowace jimla. Haka tambaya: "Ina ka je?" ba ta juya komai ba, kalmar tambaya ce kawai ta hau gaba, sauran suka bi yadda suke. Saboda haka "Where you went?" ta fito daidai da yadda kansa ya tsara ta. In yaran suna jin Turancin buroka a kasuwa ko a waya, shi ma ba ya juya tambaya, sai ya ƙara wa abin ƙarfi. Jan biro kuwa yana gyara jimlar da ke kan takarda ne, tsarin da ya haife ta yana nan a kai bai motsa ba.

Inda harsunan suka haɗu da inda suka rabu

Ki fara da abin da zai faranta musu rai: ƙashin bayan jimla iri ɗaya ne a harsunan biyu. Mai aikin, wato aikau, shi ke zuwa farko, sai kalmar aikin, wato aikatau, sai wanda aikin ya faɗa wa, wato karɓau. "Musa ya sayi shinkafa", "Musa bought rice". Ko jerin bayanau ma kusan ɗaya ne, yadda aka yi aikin, sai wurin, sai lokacin: "The girls worked quietly in the library yesterday." Kada ki ɓata makonni a kan wannan, yaran sun zo da shi daga gida.

Rabuwar farko tana cikin yankin suna. A Hausa ƙidaya da mallaka da "nan" duk bayan suna suke zuwa: awaki uku, littafina, rigar Binta, gidan nan. A Turanci duk suna gaba: "three goats", "my book", "Binta's dress", "this house". Sifa kuma Hausa ta ba ta kujera biyu, "farar riga" da "riga fara", Turanci ya ba ta ɗaya a gaban suna. Yawancin yara kan wuce wannan matsalar tun a firamare, abin da ke saura shi ne irin su "this my friend", daga "wannan abokin nawa", alhali abin da ake so shi ne "this friend of mine". Littattafan nahawu kan kawo dogon jerin yadda sifofi ke bin juna: ra'ayi, girma, shekaru, siffa, launi, asali, abin da aka yi shi da shi. Ana tambayarsa a sashen zaɓi-amsa na manyan jarrabawa, amma a aji biyu ni ba na ganin amfanin haddace shi. Sifa biyu sun isa, girma kafin launi, "a big black goat", a bar sauran sai babbar sakandare.

Akwai wasu ramuka uku da ya kamata ki sa ido a kansu. Na farko, wakilin sunan da ke komowa a ƙarshen ganga, wato yankin jimla mai ɗauke da nasa aikatau: "yaron da na ba shi kuɗi" yakan fito "the boy that I gave him money", alhali Turanci ba ya son "him" ɗin nan, "the boy I gave money to". Na biyu, "Na bayyana wa Musa maganar" yakan fito "I explained Musa the matter". Aikatau irin su "give", "send", "show", "tell" da "buy" sun yarda a sa mutum kafin abu, amma "explain", "say", "suggest" da "describe" ba su yarda ba, sai "I explained the matter to Musa". Na uku, "kullum", wadda a Hausa kan zauna a farko ko a ƙarshe. Takwarorinta "always", "often", "never" kuwa gaban aikatau suke zama, amma bayan "is" da 'yan uwanta: "He always comes late", "He is always late".

Duk waɗannan ƙananan gyare-gyare ne in aka gwada su da wanda ke tafe.

Mataimakin aikatau

In lokacinki bai isa komai ba sai abu ɗaya, to ki koyar da wannan. Tambaya, da korewa, da ɗan wutsiyar tambayar nan da ake liƙawa a ƙarshen jimla, da gajeriyar amsa, duk a kan kalma ɗaya suke juyawa a Turanci, wato mataimakin aikatau. Waɗanda ake amfani da su yau da kullum guda 20 ne: am, is, are, was, were, have, has, had, do, does, did, will, would, shall, should, can, could, may, might, must. Wannan jerin ya cancanci hadda fiye da duk ma'anonin da suka rero miki. Ki rubuta shi a kwali ki manna a gefen allo ya zauna har ƙarshen zango.

Dokar kuwa gajera ce. A nemo mataimaki a cikin jimla. In tambaya ake so, a ɗauke shi a kai shi gaban aikau: "You are going" ta zama "Are you going?" In akwai kalmar tambaya, ta hau gabansu duka: "Where are you going?" In korewa ake so, a sa "not" a bayansa. In akwai mataimaka biyu ko uku, na farkon kaɗai ke motsi: "She has been crying" ta zama "Has she been crying?"

Wahalar tana inda ba a ga mataimaki ba, kamar "Musa bought rice". A nan ake aro "do", "does" ko "did", kuma a nan yawancin yara ke faɗuwa, domin ba su gane cewa wanda aka aro shi ke kwashe lokacin ya bar aikatau tsirara ba. Shi ya sa kike ganin "Did Musa bought rice?" da "He did not came" da "Does she likes tea?" Abin da nake koya wa yara shi ne su ɗauki "bought" a matsayin kalma biyu da aka naɗe wuri ɗaya, "did" da "buy". "Likes" kuma "does" ce da "like". In an warware, kowace ta kama gabanta, babu "bought" kuma. Alamar lokaci sau ɗaya take fitowa a jimla, ko a jikin aikatau ko a jikin mataimaki.

Bayan mako biyu ko uku da fara wannan za ki ga sabon kuskure, kuma kada ya tayar miki da hankali, alama ce darasin ya shiga. Za su fara juya abin da ba a juyawa. Wuri na farko shi ne tambayar da ke neman mai aikin kansa. A nan Hausa za ta taimake ki, domin ita ma ta bambanta "Wa ya ga Musa?" da "Wa Musa ya gani?" Ta farko "Who saw Musa?" ce, babu aro babu juyi, ta biyu "Who did Musa see?" Wuri na biyu shi ne tambayar da aka cusa cikin wata jimla. "Where is he?" daidai ne, amma "Tell me where is he" kuskure ne, sai "Tell me where he is". Haka "I don't know what he wants". Da zarar tambaya ta shiga cikin wata jimla, to ta koma tsarin bayani, kuma abin dariyar shi ne tsohon tsarin nasu na Hausa shi ne daidai a wannan wurin.

Wutsiyar tambaya ma haka take. Hausa na da "ko?" da "ko ba haka ba?" waɗanda ke shiga bayan kowace jimla ba sa canzawa, sai yara su mayar da "isn't it?" haka. A Turanci mataimakin jimlar ake maimaitawa a juya shi: "She can swim, can't she?", "They didn't come, did they?", "Musa bought rice, didn't he?" Sai amsar tambaya korarriya. In aka ce wa Bahaushe "Ba ka ci abinci ba?" zai ce "E, ban ci ba", yana gaskata mai tambaya. Baturen Ingila gaskiyar lamarin yake bi, ba bakin mai tambaya ba: "No, I haven't" in bai ci ba, "Yes, I have" in ya ci. "Yes" ba ta tafiya da "not". Wannan sai an yi ta maimaitawa da baki, don har manya masu digiri yana kama su.

Atisaye a aji mai yara tamanin

Minti goma a farkon kowane darasi ya fi darasi biyu cur a mako ɗaya sannan a manta. In darasinki minti 40 ne, ki ware goman farko, kuma baki ya riga biro.

Atisaye na farko na kati ne. Ki nemi tsohon kwali, na taliya ko na sabulu, ki yanka shi gida-gida, faɗin kowane kamar tafin hannu biyu, ki rubuta kalma ɗaya a kowane da manyan baƙaƙe yadda na bencin baya zai gani. Mataimakan aikatau ki rubuta su da ja, sauran da baƙi. Yara biyar ko shida su fito gaba, kowa riƙe da katinsa, su jeru su ba da "The boys are playing football". Ki ce "Tambaya!", mai jan kati ya taka da ƙafarsa ya koma farkon layi, aji duka su karanta da ƙarfi. Ki ce "Korewa!", ya dawo wurinsa, mai riƙe da "not" ya shigo bayansa. Na aikatau irin "bought" kuwa ki yi masa kati mai ninki: a waje an rubuta "bought", in an buɗe sai ga "did" da ja a wata 'yar takarda da za a zare, da "buy" a jikin kwalin. Wani yaro ya zare "did" ya tafi da ita gaba. Wanda ya ga haka da idonsa sau goma, da wuya ya sake rubuta "Did he bought".

Na biyu shi ne jadawali a kan allo. Ki ja ginshiƙi huɗu: aikau, aikatau, karɓau, lokaci ko wuri, ki sa zaɓi huɗu a kowane. Wannan kaɗai jimloli 256 ne, muddin kin zaɓi kalmomin da kowace za ta zauna da kowace. Nan ake kuskure: in kika haɗa "He" da "They" a ginshiƙi ɗaya alhali aikatau ɗin na lokacin yanzu ne, jadawalin da kansa zai haifi "They goes". Ki fara da shuɗaɗɗen lokaci, ko ki raba tilo da jam'i. Layin benci ɗaya ya ɗauko jimla, layi na biyu ya mayar da ita tambaya, na uku ya amsa da gajeriyar amsa, na huɗu ya kore ta. Bayan an yi da murya ɗaya, ki nuna yara uku ko huɗu ɗaya-ɗaya, musamman na baya, domin a cikin amshi akwai masu motsa leɓe kawai.

Na uku shi ne na rubutu, kuma shi nake bayarwa aikin gida: jimla ɗaya, fuska biyar. Ki ba su jimloli uku kacal, kowace a rubuta ta a bayani, a korewa, a tambayar e ko a'a, a tambaya mai kalmar tambaya, sannan da wutsiya. Layi 15 ke nan. Cikin ukun, ɗaya ta zama mai mataimaki a fili, ɗaya mai "does" a ɓoye, ɗaya mai "did" a ɓoye.

Akwai kuma atisayen hargitsa kalmomi a ce yaro ya jera su, wanda ya cika littattafan aji. Yana da amfani, amma ba kamar yadda ake zato ba. In za ki yi shi, ki cire babban baƙi da aya daga jikin kalmomin, in ba haka ba yaro zai gane ta farko da ta ƙarshe ba tare da ya yi tunani ba. Kada ya wuce kalma takwas. Ki kuma karɓi amsa biyu inda biyun suka halatta, don "yesterday" na iya zama a farko ko a ƙarshe. Rauninsa shi ne an riga an ba yaro duk kalmomin, ba shi zai tuna ya aro "did" ba, alhali nan ne ciwon yake.

Sauran ire-iren jimla

Umarni ba shi da wuya. Hausa kan ce "Zauna" ko "Ka zauna" ko "Ku zauna", Turanci ya yar da wakilin sunan gaba ɗaya: "Sit down". "Kada" kuma "Don't" ce a farkon jimla. Ki ba su umarni su aikata, sannan su ba juna. Abin da ya fi amfani shi ne su san cewa roƙo na ladabi kan sa rigar tambaya, "Could you open the window, please?", don za su buƙace shi a rubutun wasiƙa.

Jimlar mamaki ki jinkirta ta sai tambaya ta zauna sosai, domin da "What" da "How" take farawa amma ba ta juyi. "How tall she is!" mamaki ne, "How tall is she?" tambaya ce. Ki rubuta su kafaɗa da kafaɗa, yara su faɗe su da muryar da ta dace da kowace. "What" na son "a" in sunan tilo ne mai ƙirguwa, "What a big house!", ba ta so in ba haka ba, "What sweet tea!"

Sai ɗaya rabon, na gini: sassauƙar jimla mai ganga ɗaya, da wadda aka haɗa ganguna masu cin gashin kansu da "and", "but", "or", "so", da wadda ganga ɗaya ta dogara da wata ta hanyar "because", "when", "if", "although", "who". Nan ma Hausa na da hannu. Mukan jera ayyuka ba mahaɗi, "Ya zo, ya zauna, ya ci abinci", kuma daidai ne. In yaro ya kwafe wannan zuwa Turanci sai ki ga sakin layi guda ba aya, waƙafi kawai, ko "and then" sau bakwai a madadin "sai". Haka "ko da yake... amma" ke haifar da "Although he was sick, but he came", Turanci ɗaya yake ɗauka, ko "although" ko "but". Maganin shi ne haɗa jimloli. Ki ba su gajeru biyu, "Binta was tired" da "She finished the work", su haɗa da "but", su sake da "although", su sake da "although" a tsakiya. In ganga mai dogaro ta zo farko, waƙafi ya biyo ta. Ki kuma hana su barin ta ita kaɗai: "Because I was sick." ba jimla ba ce a rubuce, ko da ana faɗar ta a hira.

Gyara, da abin da atisaye ba zai yi ba

Littafi tamanin a kullum ba mai iya duba su da kyau. Ki karɓi goma a rana, cikin kwana takwas na makaranta kin ga na kowa. Sauran su yi musaya da maƙwabci ku gyara tare a allo. A kowane mako kuskure iri ɗaya za ki farauta, sauran ki kau da kai ko da suna cizon ki. Kada ki rubuta masa daidai ɗin da hannunki. Ki ja kibiya daga kalmar zuwa inda ya kamata ta koma, ko ki kewaye wadda ta yi yawa, shi ya sake rubutawa. Ranar Juma'a ki ɗauko jimloli biyar daga littattafansu, ba tare da sunan kowa ba, ki sa a allo, uku masu kuskure biyu lafiyayyu, su gano da kansu.

Kada kuma ki jefar da sunayen nahawu gaba ɗaya. Suna da jarrabawar BECE a aji uku, kuma a WAEC da NECO ana ɗauko yanki daga cikin nassi a tambayi sunansa na nahawu da aikinsa. Sai dai in aka auna, gini ya fi nauyi. Insha'in WAEC kalmomi kusan 450 ne a kan maki 50. 20 na kyawun bayani ne, 10 na tsabtar nahawu da ƙa'idar rubutu, inda ake cire rabin maki a kan kowane kuskure, wato kuskure 20 sun cinye goman. A sashen taƙaitawa ma cikakkun jimloli ake so. A JAMB kuma tambayoyi 60 cikin 180 na Turanci ne. Don haka suna ya biyo bayan gini: in yaro ya iya haɗa jimla da "although", gaya masa sunanta aikin minti biyu ne.

Iyakar wannan hanya ita ce, yaro na iya cin atisaye goma bisa goma, ya zo rubuta labari ya koma gidan jiya, saboda hankalinsa ya tafi ga abin da zai faɗa. Wannan ba ya nuna aikin ya lalace, amma yana nuna sai an ba shi wurin da zai yi tambaya don yana son amsa. Ki ɓoye wani abu a jaka su gano shi da tambayoyi 20 na e ko a'a, duk tambayar da ba a juya ba ba ki amsa ta. Ko su yi wa juna tambayoyi biyar game da sana'ar gidansu, kowa ya rubuta abin da aka gaya masa da "He told me that...", wanda zai tilasta musu mayar da tambaya bayani. Akwai kuma yaran da matsalarsu ta riga jerin kalmomi, ba su iya karatu ba tukuna. Su katin kwali zai amfane su da baki, amma rubutunsu ba zai motsa ba sai an koma da su kan haɗa baƙi. Ga sauran, ki riƙa karanta musu sakin layi ɗaya na labari mai sauƙi da murya sau biyu a mako, sannan ki yi musu shifta da jimloli uku daga cikinsa, ɗaya a ciki ta zama tambaya.